Yadda ake saita fiffiken jirgin ULM mai keke da kula da shi a ƙasar Damagaram

Wanda ya taɓa ganin ƙaramin jirgin nan mai taya uku, fiffike a samansa kamar na jemage, inji da farfela a bayan matuƙi, ya san abin da nake nufi. Da Faransanci ULM ake ce masa, mu kuwa keke muke cewa, don ƙasansa keke ne da aka rataye a jikin fiffike da bulon guda ɗaya tak. Ba shi da wutsiya, ba shi da ƴan fikafikan juyi irin na manyan jirage. Matuƙi na riƙe da sanda: in ya tura ta gaba hanci ya ɗaga, in ya jawo ta jirgi ya ƙara gudu, in ya karkata nauyin keken dama ko hagu jirgi ya bi. Ke nan fiffiken shi ne mai ɗauka, shi ne sitiyari, shi ne wutsiya. Asalinsa daga wani injiniya Ba'amurke ne, Faransis Rogalo, da matarsa, waɗanda suka nemi rajistar fiffiken ƙyalle a 1948.

Na rubuta wannan ne don ɗan'uwan da ya fara riƙe irin wannan jirgi a nan Zinder. Littattafan da ke zuwa tare da fiffike an rubuta su ne a ƙasashen ciyawa da gajimare, babu mai ba ka labarin ƙurar hunturu ko ranar watan Afrilu a cikinsu. Duk da haka littafin kamfani shi ne gaba da ni. Inda awonsa ya saɓa da nawa, bi nasa.

Sunayen sassa

Mu daidaita baki tukuna. Bututun da ya tashi daga hanci zuwa baya a tsakiya shi ne ƙashin baya. Biyun da suka buɗe dama da hagu su ne bututun goshi. Wanda ya gitta a ciki yana tokare su shi ne gicciye. Sandar da ke tsaye a saman fiffike ita ce turke, kodayake wasu fikafikan zamani ba su da ita, tokara gare su a ƙasa. Ƴan siraran sandunan da ake zurawa cikin aljihunan ƙyalle su ba shi doro su ne haƙarƙari. Inda keke ke rataye a jikin ƙashin baya shi ne maratayi. Siraran igiyoyin da suka sauko daga kan turke zuwa gefen baya na ƙyalle su nake kira linzami.

Kayan aiki

Littafin fiffike da takardar zanen haƙarƙari, wadda aka zana doron kowane ɗaya a girmansa na gaskiya.
Kile, wato sifana, biyu biyu na kowace lambar da fiffikenka ke ci, da filaya.
Mitir na awo mai tsawon mita 10, da zare mai ƙarfi marar miƙewa.
Ma'aunin kusurwa. In babu, manhajar awon karkata ta wayar salula ta isa, in dai ka fara gwada ta a kan abin da ka tabbata a miƙe yake.
Betsomita, ɗan sikelin nan mai allura da ake gwada ƙarfin ƙyalle da shi.
Tocila, gilashin ƙara girma, alli, farin tsumma na auduga, soso mai laushi.
Sabbin notuna masu zoben roba a ciki, da zobban kulle, da robar ɗaurin haƙarƙari.
Ƙyallen Dacron mai gam a baya, don ƙananan faci.
Feshin silikon busasshe.
Tabarmi manya ko tampol, da benci biyu da aka naɗe da bargo.
Littafin rubutu da biro.

Kada ka raina na ƙarshen nan. Duk abin da ka taɓa a jikin fiffike, rubuta yadda ka same shi kafin ka taɓa, da yadda ka bar shi. Sannan ka nemi mutum guda mai natsuwa ya kama maka, don fiffike mai faɗin kusan mita 10 ba aikin hannu biyu ba ne.

Akwai abin da ba a saye a kasuwar Dole komai matsuwa: bulon, noti, waya da bututu na fiffike. Bulon ɗin kasuwa na iya yin kama da naka har ka kasa bambancewa, amma ƙarfen ba ɗaya ba ne. Waɗannan daga kamfani ake odarsu da lambar fiffike, ko da za a yi wata biyu ana jira. Tabarma, soso, zare da alli kuwa, saye su a inda ka ga dama.

Mataki na 1: Wuri da lokaci

A inuwa ake wannan aiki, da sassafe, kafin iskar hantsi ta tashi. Share wurin tas, ka tsince ƙaya da ƙarangiya da tsakuwa, sannan ka shimfiɗa tabarmi. Ƙayar bagaruwa guda ɗaya ta isa ta huda ƙyalle in aka ja shi a kanta. Sauke fiffiken daga keke, ka kwantar da shi hanci na fuskantar iska. In damina ce, riƙa duba gabas. Hadarinmu daga can yake tasowa, ƙura a gabansa, kuma ba ya ba mutum lokacin naɗe kaya a tsanake.

Mataki na 2: Wanki

Ba a duba fiffike mai datti, don ƙura na ɓoye tsaga. Fara kakkaɓe ta da busasshen tsumma mai laushi, ba tare da dannawa ba, domin yashi in aka goga shi da ƙarfi kankare fuskar ƙyalle yake yi. Daga nan ruwa mai tsabta da soso. In akwai tabon mai ko kashin tsuntsu, ɗan sabulu mai sauƙi, ka ɗauraye sosai. Ban da omo, ban da ruwan jabel, ban da fetur.

Na san halin ruwa a garin nan, ba kullum famfo ke kawowa ba, mutum kan ce bari ya sa a ɗebo na rijiya ko na tabki. Ɗanɗana shi tukuna. In ka ji kanwa ko gishiri, kada ya kusanci bututu, don kanwa cin alminiyom take yi, kuma a cikin mahaɗai take maƙalewa inda ido ba ya kai. Bokiti biyu na ruwan kirki sun wanke fiffike in ana tattali. Ka bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a naɗe.

Mataki na 3: Ƙyalle da ɗinki

A nan zan daɗe, don a ƙasarmu ƙyalle ne ke fara mutuwa. Akasarinsa Dacron ne, wato zaren poliyesta, goshin kuma an ƙarfafa shi da Mylar, wata leda mai tauri. Hasken rana na cin ƙarfin zaren a hankali, ba tare da alamar da za ta tsorata ka ba. Fiffike na iya zama fes a ido alhali ya ruɓe. Kuma rana ba ta bambanta awannin da ya yi a sama da waɗanda ya yi a ajiye a fili. Jirgin da ya tashi awa ɗaya da safe aka bar shi a waje har la'asar, ranar yini guda ya sha.

Da fiffike a ɗaure, ƙyalle a miƙe, bi kowane ɗinki da ido da yatsa. Fi mai da hankali a gefen baya, wajen ƙashin baya, ƙarshen fikafikai biyu, bakin aljihunan haƙarƙari, da duk inda aka buga zoben ƙarfe. Buɗe zif ɗin ciki ka haska tocila, ka ga ko wani bulon na gugar ƙyalle daga ciki.

Sai gwaji. Soka allurar betsomita, mai kaurin milimita 1.2, a saman fiffike inda ƙyalle falle ɗaya ne kuma rana ta fi duka. Ja ta a kwance, a hankali, har sikelin ya kai nauyin da littafinka ya faɗa. A littattafan wasu fikafikan Ingila giram 1360 ne. In ramin allurar ya tsaya yadda yake, ƙyallen na da rai. In ya fara yagewa kafin a kai, an gama da wannan ƙyalle, ba faci ba addu'ar bari ya kai ƙarshen shekara. Yi haka a wuri uku ko huɗu a kowane ɓangare, da kowane launi, don ba tare launuka ke mutuwa ba. Sannan ka saƙala ƙugiyar na'urar a zaren ɗinki ka ja shi ma. Sau da yawa zare na riga ƙyalle lalacewa.

In ba ka da betsomita, ƙaramin sikelin rataye mai lambobi da allura mai wancan kauri za su ba ka haske, bayan ka gwada sikelin da nauyin da ka sani. Dubi kuma saman fiffikenka kusa da tsakiya: wasu kamfanoni na ɗinka ƙyallen shaida a wurin, wanda ake yankewa a aika musu su gwada. Ni a nan duk wata shida nake gwaji, ba shekara shekara ba.

Ƙaramar huda ko tsagar da ba ta wuce gaɓar yatsa ba, in tana nesa da ɗinki da gefen baya, kana iya rufe ta da Dacron mai gam, ciki da waje, ka zagaye kusurwoyin facin da almakashi don kada su ɗago. Amma tsagar da ta taɓa gefen baya ko babban ɗinki ba taka ba ce. Damagaram ba ta rasa gwanayen allura ba, dukawanmu da telolinmu an san su har Kano, sai dai wannan ɗinki yana son zaren poliyesta mai jure rana, da keken da ke ɗinkin zigizag, da sanin inda nauyi ke bi a jikin ƙyalle. Mai ɗinkin tampol zai yi maka aiki mai kyan gani da zaren da zai tsinke a sama.

Mataki na 4: Bututu, bulon da wayoyi

Tsaya a hanci ka kalli kowane bututun goshi har ƙarshensa da ido ɗaya, kamar mai duba miƙewar gora. Ka kwatanta dama da hagu. In ƙarshen fiffike ya taɓa dukan ƙasa, ko iska ta taɓa kifar da jirgin a ajiye, duban waje bai isa ba. Zare bututun daga cikin ƙyalle, ka mirgina shi a kan benci biyu ko daɓe mai laushi, lanƙwasa za ta nuna kanta. Nemi loɓawa, tsaga a bakin ramukan bulon, ramin da ya zama kamar ƙwai, da farar hoda, wadda ita ce tsatsar alminiyom. Bututun da ya lanƙwashe ba a miƙe shi, ba a kai shi wajen mai walda. Irin wannan alminiyom, 6061 ko 7075, da wuta aka ba shi ƙarfinsa a masana'anta, zafin walda kuma kashe wannan ƙarfi yake yi. Canza shi kawai.

Leƙa cikin bututun da tocila. Zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki, lakar kuma na riƙe danshi da damina.

Bulon kuwa, zare waɗanda littafi ya ce a zare, ka mirgina kowanne a kan gilashi. Wanda ya yi rawa ya lanƙwashe. Na maratayi shi ne uban tafiya, shi kaɗai ke riƙe da kai da fasinja da inji, kuma kamfani ya yanka masa awannin aiki. In sun cika a canza shi ko da yana ƙyalli. Duba igiyar tsaron da ke zagaye da ƙashin baya a wurin. Noti mai zoben roba sau ɗaya ake ɗaura shi, in an kwance sai sabo, kuma zaren bulon ya leƙo bayansa aƙalla biyu. Kuskuren masu ƙarfin hannu shi ne ɗaurewa tamau kamar tayar mota. Bulon da ya ratsa bututu in ka matse shi da yawa murƙushe bututun kake yi, mahaɗar da aka yi don ta motsa kuma dole ta motsa.

Ga wayoyi, naɗe farin tsumma a hannu ka bi kowace ɗaya daga kai zuwa kai. Inda tsumman ya maƙale, sili ya tsinke. Sili ɗaya ya isa a canza waya. Dubi bakin matsewar da ke ƙarshenta da gilashin ƙara girma, ka ja robar da ta rufe wurin baya, don a ƙarƙashinta tsatsa ke ɓuya. Wayar da ta taɓa karyewa ta yi gwiwa, ko an miƙe ta, ta tashi daga aiki. Wayoyin ƙasa na gefe su ke ɗauke da nauyi a sama, kuma biyu biyu ake canza su, dama da hagu tare.

Kada ka shafa giris ko baƙin mai a zif, kurar da waya ke bi ta kanta, ko mahaɗa. Mai da ƙurarmu in sun haɗu sun zama dutsen wasa. Busasshen silikon kaɗan ya wadatar.

Mataki na 5: Haƙarƙari

Da yawa daga fikafikan da aka ce sun lalace, haƙarƙarinsu ne kawai ya sauya. Zare su duka, ka jera na hagu gefe guda, na dama gefe guda. Galibi na hagu jan kai gare su, na dama kore. Shimfiɗa takardar zane a daɓe, ka ɗora kowanne a kan layinsa. Wanda ya kauce, ka maido shi a hankali da tafin hannu a kan gwiwa ko tayar mota, kaɗan kaɗan, kana mayarwa kan zane kana dubawa. Kada ka lanƙwasa a wuri guda, raba matsin a tsawon doron. Ɓangaren da aka yi da zaren gilashi ko kabon ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi.

In takardar zanen ta ɓata, aika wa kamfani lambar fiffike su turo wata. Kafin ta iso kana iya haɗa na dama da takwaransa na hagu ka ga ko sun yi daidai, amma ka sani wannan daidaiton juna kawai yake nunawa, suna iya kaucewa tare. Wanda fiffikensa sabo ne, ya zana su yau a kan falankin katako ya ajiye.

Kafin mayarwa, goge kowanne, ka kakkaɓe yashin aljihu. Zura su a hankali daga tsakiya zuwa waje tun ba a ja gicciye ba, na bakin ƙarshe kuma bayan an ja. Robar ɗauri zafi na busar da ita, in ɗaya ta saki canza ta tare da takwararta ta ɗaya ɓangaren, ƙarfin ɗaurin ya zama ɗaya.

Mataki na 6: Ɗaurawa da awo

Ja wayar gicciye har maƙullinta ya shiga, ka sa zoben kulle, ka duba da ido, ka taɓa da hannu. In ta yi tauri fiye da yadda ka saba, kada ka sa ƙarfi, wata waya ce ta murɗe a bakinta ko ta saƙale. Mayar da hular hanci. Ba ado ba ce: in babu ita iska na shiga cikin fiffike ta kumbura shi, halinsa ya canza gaba ɗaya.

Yanzu awo. Daga ƙarshen ƙashin baya zuwa ƙarshen fiffiken dama, sannan na hagu, a wuri iri ɗaya. Sai linzami. Ja zare daga bakin haƙarƙarin da linzami ke riƙe da shi a dama zuwa takwaransa na hagu, ka auna tsayin zaren daga ƙashin baya, ka kwatanta da lambar littafi. In fiffikenka marar turke ne, sandunan tokaren ciki, masu tallafe gefen baya daga cikin ƙyalle, za ka auna da ma'aunin kusurwa, bayan ka ɗauki ƙashin baya a matsayin sifiri.

Ga dalilin da ya sa nake ɗaga murya a kan wannan. Fiffike marar wutsiya, abin da ke hana shi kifewa ta hanci shi ne murɗin da ke ƙarshensa, wato yadda bayan ƙarshen ya karkata sama, da ɗagowar gefen bayansa. In jirgi ya sunkuya da gudu, ko iska ta buge shi daga sama, linzami da tokaren nan su ke riƙe gefen baya a ɗage, su maido da hanci. A tafiyar lafiya sakwa-sakwa suke, shi ya sa wasu ke ganin ba su da aiki, har su sassauta su don neman gudu. Wanda ya yi haka ba zai ga illa ba sai ranar da ya shiga guguwar bazara, ranar kuwa jirgin na iya wuntsilawa, kuma ba a dawowa daga wannan. Aikinka a nan ka maido su kan lambar kamfani, ba ka nemo taka ba.

Mataki na 7: Tashin gwaji da saitin gudu

In kai sabon hannu ne, ba kai za ka yi wannan tashi ba, matuƙin da ya san irin fiffiken zai yi, shi kaɗai, ba fasinja. Takardun jirgi da izinin ANAC, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijar, su kasance a hannu, a kuma sanar da hasumiyar filin jirgi da hukumomin tsaro, don sararin ƙasar nan ba wurin tashi ba sallama ba ne.

Bayan sallar asuba, da gari ya waye, shi ne lokaci. Da rana ta ɗaga, duwatsun Birni da jigawa sun ɗau zafi, iska ta fara tafasa, ba za ka bambanta laifin fiffike da na iska ba. Zinder na kan tudun kusan mita 460 daga teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, fiffike da inji ji suke kamar suna wajen mita 1500. Gudun tashi ya ƙaru, hawa ya ragu. Saboda haka da agogon gudun iska ake saiti, ba da GPS ba. Shi ma agogon a duba bakin bututunsa. Na taɓa shirin matsar da maratayi don agogo na nuna jirgi ya rage gudu, ashe zanzaro ne ya fara liƙe bakin bututun.

A hau sama da mita 300, a daidaita wuta yadda jirgi ba ya hawa ba ya sauka, a sassauta hannu a kan sanda. Gudun da ya zauna a kai shi ne gudun sakin hannu. Rubuta shi. In bai kai na littafi ba, a ƙasa za a matsar da maratayi gaba. In ya wuce, a mayar da shi baya. Rami ɗaya kawai, sannan a sake tashi. A fikafikan da na riƙe, rami ɗaya kan kawo bambancin kilomita 5 zuwa 10 a awa. Kada ka wuce ramukan da kamfani ya huda, kada ka huda naka. Baya da yawa ya fi haɗari, don yana ajiye jirgi dab da gudun da fiffike ke sakin iska ya faɗi.

Sai a jawo sanda a hankali a ƙara gudu. Dole a ji tana ƙara nauyi a hannu tana son komawa wurinta. In ta yi sauƙi yayin da gudu ke ƙaruwa, ko ta fara bin ciki da kanta, a rage gudu a sauka nan take, a koma mataki na 5 da na 6.

Mataki na 8: In fiffike na ja gefe guda

Kafin ka zargi fiffike, gwada shi da wuta, ka kuma gwada da inji a rage. In jan ya ɓace da aka rage wuta, murɗin farfela ne ko zaman keken, ba fiffike ba. In yana nan a duka biyun, rubuta ɓangaren da yake ja, da ko a ƙaramin gudu ya fi ko a babba.

Bi wannan jeri, kada ka tsallake. Haƙarƙari a kan zane. Ƙarfin robobin ɗauri dama da hagu. Jan ƙyalle a ƙarshen bututun goshi, ko ɗaya ya fi ɗaya. Miƙewar bututun kansu. Jan da ya bayyana rana ɗaya bayan saukar da ba ta yi daɗi ba, ko bayan tafiya a mota, lalacewa ce, a nemo ta. Wata shekara na yi safiya uku ina murɗa ƙarshen fiffike ina bin wani ja na dama, yana gyaruwa a ƙaramin gudu yana dawowa a babba. Da na haƙura na zare haƙarƙari, sai ga ɗaya na tsakiyar dama ya baje, an ɗora masa kaya a mota a hanyar Tanout. Minti goma suka gyara shi, sannan na sha aikin maido da duk abin da na murɗa, kuma littafin rubutuna ne ya nuna mini inda suke tun farko.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a zo ga murfin ƙarshen bututun goshi, wanda a fikafikai da yawa ana iya juya shi. Jirgi mai ja dama, hagunsa ne ya fi ɗauka. Ko dai a juya na hagu gefen bayansa ya ɗaga kaɗan, ɗaukarsa ta ragu, ko a juya na dama gefen bayansa ya sauka. Ni na fi son farawa da ɗagawa, don ƙara murɗi ba ya rage wa fiffike tsaronsa, ragewa kuwa na iya sa wannan ƙarshen ya riga saura sakin iska. Sa alama da biro a inda yake kafin ka taɓa, ka juya milimita biyu ko uku, ka ɗaure, a tashi a gani. Wasu kamfanonin ta haƙarƙarin ƙarshe suke gyaran ja, ba ta murfi ba, don haka karanta naka. Abu ɗaya ake canzawa a kowane tashi. In ka canza biyu ya gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba, in ya ɓaci ma haka.

Jan ƙyalle a bututun goshi shi ma yana da tasiri a hannu: in ya yi tauri jirgi na nauyin juyawa, in ya yi sako-sako yana sauƙi amma gefen baya kan fara kaɗawa. Gefen baya mai kaɗawa kamar tuta cin kansa yake yi, kada a bar shi.

Mataki na 9: Ajiya

Da an sauka, a shigar da shi inuwa. In babu rumfar jirgi, a sa masa riga, ko a sauke fiffiken a naɗe. Rigar fiffike kam telan gari na iya ɗinka ta da yadi mai kauri, fari ko mai haske, da laushi a ciki. In za a bar shi ɗan lokaci a fili, a juya shi iska na bugun gefe, a sauke ƙarshen da ke wajen iska ƙasa a ɗaure, a ɗaure sandar tuƙi. Da ka ga gabas ta yi ja, sauke fiffike ƙasa, hanci ga iska, ka zare masa tauri.

Wajen naɗewa, mirgina ƙyalle ake yi, ba a ninke Mylar, in ya karye ya karye ke nan. A mayar da kowane matashi a kan ƙarfen da yake rufewa. Jakar kada ta kwana a ƙasa saboda gara da ɓeraye, kada kuma ta manne da rufin kwano. A ɗora ta a kan maratayai uku masu laushi a jikin bango. In za a kai shi Mirriah ko Gure a kan mota, a tallafe shi wuri uku da katifa, haƙarƙari a jakarsu daban a sama da komai, don girgizar hanya na cin fiffike fiye da tashi.

Da damina, in raɓa ko yayyafi ya jiƙa goshin fiffike, a tsane shi da tsumma kafin tashi. Ɗigon ruwa a goshi na sa fiffike ya saki iska a gudun da ya fi na kullum. Da hunturu kuma a goge ƙurar da ta kwanta a wurin kowace safiya, sannan a zagaya jirgin daga hanci, ta dama, a dawo ta hagu, ana taɓa kowane zoben kulle da yatsa.